Ambulan ɗin shahada da ya ƙi rufuwa: nazarin wani aikin ɗab'i a Sakkwato

Aikin ba wani babba ba ne, duk matsakaiciyar maɗaba'a a Sakkwato tana yin irinsa. Wata makarantar Islamiyya mai zaman kanta da ke wajen Mabera ce ta shirya walimar saukar Alƙur'ani a watan Sha'aban, kamar yadda makarantu da dama ke yi don su kammala kafin azumi, kuma a shekarar Sha'aban ya faɗo ne a ƙarshen hunturu. Ɗalibai kusan 150 za su karɓi shahada. Makarantar ta kai wa wata maɗaba'a da ke tsakiyar gari aiki kashi uku: takardun shahadar, wasiƙun gayyata da ƙananan ambulan ɗinsu, sai manyan ambulan 200 masu suna da tambarin makaranta, waɗanda a ciki za a miƙa wa kowane yaro shahadarsa a gaban iyaye da manyan baƙi. Kashi na ɗaya da na biyu sun fita lafiya. Na ukun ne ya kai ga zaman sasanci. Ina cikin waɗanda aka kira, don haka na ji ta bakin kowane ɓangare, na kuma aza rula a kan ambulan ɗin.

Abin da aka faɗa da abin da aka rubuta

Shugaban makarantar da kansa ya je maɗaba'ar ranar farko. Mai maɗaba'ar dattijo ne, ya fara sana'ar tun ana jera harufan dalma da hannu, kuma ba a san shi da ha'inci ba. Duka biyun sun yarda cewa maganar ambulan ba ta wuce haka ba:

"Alhaji, manyan ambulan mu ka so, na A4, waɗanda shahada ka shiga ba a naɗe ta ba."

"Hwari ko ruwan ƙasa, Malam?"

"Wanne ya hi araha?"

"Ruwan ƙasa. Kuma ya hi ƙwari."

"To a yi muna shi."

A rasit an rubuta: ambulan A4, guda 200, kala ɗaya. Shi ke nan. Sauran maganar duk ta WhatsApp aka yi, hoto ya tafi, amsa ta dawo. Alhaji ya aiki yaronsa kasuwa, yaro ya ce wa mai shago ambulan na A4, mai shago ya sauko da katan, aka biya.

A nan gizo ya fara saƙa, domin babu wani ambulan da awonsa yake A4. A4 awon takarda ne: milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Ambulan ɗin da aka tsara domin ita sunansa C4, faɗinsa 229, tsawonsa 324. Tsarin ya samo asali ne daga Jamus a 1922, ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 216 a 1975, kuma dabararsa mai sauƙi ce. Kowace takardar A tana da ambulan ɗin C mai lambarta. C4 yana ɗaukar A4 a miƙe. C5, mai 162 da 229, yana ɗaukar A5 ko A4 da aka naɗe biyu. C6, mai 114 da 162, yana ɗaukar A4 da aka naɗe sau biyu ta zama huɗu. Sai dogon nan na wasiƙun ofis, DL, mai 110 da 220, wanda A4 ke shiga idan an naɗe ta uku. Da wannan tsari kaɗai ke yawo a kasuwa, da wanda ya ce ambulan na A4 ya samu C4 ba tare da ya san sunansa ba.

Amma akwai wani tsarin, na Amurka, da ake aunawa da inci. Takardarsu ta wasiƙa inci 8.5 ce da 11, wato milimita 216 da 279, ta fi A4 ɗan faɗi, ta kuma gaza ta tsawo da milimita 18. Babban ambulan ɗin da suka yanka mata shi ne inci 9 da 12. Idan aka mayar da shi milimita, 229 ne da 305. A duba da kyau: faɗinsa da na C4 ɗaya ne. Idan ba a jera su kusa da juna ba, ido ba zai raba su ba. Bambancin milimita 19 ne a tsawo, kuma katan ɗin da yaron Alhaji ya kawo na inci 9 da 12 ne.

Me ya sa duka biyun ke zaune a shago ɗaya da suna ɗaya? Saboda kusan duk farar takardar da muke aiki da ita daga waje take zuwa. Masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta gina, na Jebba a Kwara, na Oku Iboku a Akwa Ibom da na Iwopin a Ogun, sun durƙushe a shekarun 1990, kuma ko bayan an sayar da su ba su kai ga wadatar da ƙasar ba. Mai shigo da kaya a Legas yana sayen abin da ya samu da sauƙi, masu naɗa ambulan a cikin gida kuma kowa da ƙarfen yankan da ya gada. Kayan su biyo ta Kano su iso Sakkwato, mai shago ya gwada takardar A4 ya ga ta shiga, sai ya kira shi na A4. Bai yi ƙarya ba. Tana shiga, da ragowar milimita 8.

Ledar da aka ƙara daga baya

Da an tsaya a yadda aka fara, da wataƙila ba wanda zai ji labarin. An buga shahadar a kati mai giram 300. Wannan lamba nauyin murabba'in mita ɗaya ne na takardar. Ta fotokofi giram 70 ko 80 ce, shi ya sa falle ɗaya na A4 mai giram 80 bai wuce giram 5 ba. Katin giram 300 yana da tauri, ba ya lanƙwasa ya nemi hanya kamar falle, amma duk da haka yana shiga ambulan mai tsawon 305.

Sai Hajiya mai makarantar ta ga shahadun bayan an rubuta sunaye an sa hannu, ta ce ba za a ba yara takarda tsirara ba, damina ɗaya za ta lalace a ɗaki. Aka kwashe su aka kai wani shagon kwamfuta kusa da makarantar aka yi musu laminatin. Ba wanda ya gaya wa Alhaji, don a ganinsu aikinsa ya ƙare.

Ledar laminatin ta A4 ba awon A4 take da shi ba. Dole ta fi takardar girma don bakinta ya manne da juna ya rufe ta ruf, shi ya sa ake yanka ta 216 da 303, milimita 3 a kowane gefe. Yanzu sai a lissafa: abu mai tsawon 303, mai tauri, mai kaifin kusurwa, cikin ambulan mai tsawon 305. Kuma 305 ɗin awon waje ne. Ciki ya gaza haka, domin naɗin gindi yana cin wani abu. Masu sana'ar sun saba barin aƙalla milimita 6 tsakanin abin da za a saka da ambulan, su ƙara idan abin yana da kauri. Nan ko 2 ba a samu cikakku ba.

Saura kwana uku walima malamai suka zauna sakawa. Shahada ta shiga da ƙyar, bakin ledar ya tsaya daidai kan layin da marfi ke naɗewa, marfin ya ƙi kwanciya. Wanda ya matsa da ƙarfi sai kusurwar leda ta huda gindin ambulan. Aka ɓata kusan goma kafin a haƙura a kira Alhaji.

Ya zo da falle ɗaya na A4 a hannu, ya zura a ambulan, ya rufe marfi, ya ɗaga wa kowa ya gani.

"Malam, mi kac ce mini? Ba A4 ba? Ga ta nan ta shiga."

Shugaban makarantar ya ce, "Alhaji, kai kab buga shahadag ga da hannunka. Wa ka ba da shahada garin ga ba leda?"

Kowannensu yana da abin kamawa, shi ya sa maganar ta yi tsawo.

Koren da ya koma wani abu

Tun kafin batun awo, makarantar tana da wani ƙorafi da ta haɗiye, sai da rai ya ɓaci ya fito. Tambarin makarantar kore ne mai haske, amma a kan ambulan ya fito da duhu, kamar miyar kuka da ta kwana. Sannan zanen da suka aiko yana da faffaɗan layi kore da ya bi ƙasan ambulan har baki, amma abin da aka buga ya tsaya nesa da baki, kuma a tsakiyarsa akwai wani siririn zane a tsaye da ba su sa ba.

Wannan ɓangaren ya fi na farko bukatar bayani, don mafi yawan masu kawo aiki ba su san cewa hanya biyu ake bi a samu ambulan mai rubutu ba. Ta farko, a sayi ambulan da aka riga aka naɗa aka manna, a bi da shi ta cikin inji. Ta biyu, a buga zanen a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, a yanke ta da ƙarfen yanka mai siffar ambulan a buɗe, wanda 'yan sana'a ke kira daikot, sannan a naɗe a manna. Ta farko ce ta ƙananan ayyuka, ita ce mai araha, kuma tana da iyakoki biyu da ba yadda za a yi da su.

Na ɗaya, injin ofset, wato injin ɗab'i mai aiki da tawada da maɗaba'u suka saba amfani da shi, yana kama takarda ne da wasu 'yan yatsun ƙarfe, giriffa, su ja ta cikin inji. Inda suka kama, kimanin milimita 10 daga baki, tawada ba ta sauka. Sauran gefunan ma ba a kai tawada har baki, don abin da ya zarce zai sauka a jikin silinda ya ɓata bayan ambulan na gaba. Duk aikin da aka ga kala ta kai baki, to an buga shi ne a takardar da ta fi girma, aka bar zanen ya zarce layin yanka da milimita 3, abin da ake kira bilid, sannan aka datse. Ambulan da aka gama naɗawa kuwa ba a datse shi. Saboda haka mai zanen maɗaba'ar, da ya sake jera aikin a manhajar zane ta CorelDRAW, ya janye koren layin ciki. Daidai ya yi. Kuskurensa shi ne bai faɗa ba, ya tura hoto kawai, shugaban makaranta ya kalla a waya ya rubuta "Ma sha Allah, ya yi."

Na biyu, ambulan ba kauri ɗaya gare shi ba. A yawancin jikinsa takarda biyu ce, gaba da baya. Inda aka ɗora baki kan baki aka manna a tsakiyar baya, uku ce. A gindi, inda naɗin ƙasa ya hau kan wannan ɗinkin, ta kai huɗu. Inji yana matsawa da ƙarfi ɗaya, don haka inda ya fi kauri ya fi shan tawada. Rubutu ko ƙaramin tambari ba ya nuna wannan, amma faffaɗan fili mai kala ɗaya yana tona asirin duk abin da ke bayansa. Siririn zanen da suka gani a tsakiyar koren layin, hoton ɗinkin baya ne. Gogaggen mai zane yakan juya ambulan ya ga inda ɗinki yake kafin ya ajiye komai a gaba.

Shi kuwa duhun koren, dalilinsa biyu ne. Wani tsohon ɗalibin makarantar ne ya zana tambarin a waya, kuma kalar waya haske ce, ja da kore da shuɗi ke haɗuwa su haskaka ido. Kalar ɗab'i tawada ce, shuɗi da majenta da rawaya da baƙi, kuma akwai kore mai walƙiya da allon waya ke nunawa wanda tawada ba ta iya kaiwa. Wannan ragi ne da kowane aiki ke yi. Babban dalilin shi ne takardar. Tawadar ofset ba fenti ba ce, ba ta rufe abin da ke ƙasanta; haske yana ratsa ta ya bugi takarda ya dawo. A kan fara, kore ya fito kore. A kan ruwan ƙasa, kalar takardar ta shiga cikin koren. Hoton da aka tura ta WhatsApp a kan farin fili yake, alhali ambulan ɗin da za a buga ruwan ƙasa ne. Ashe abin da Malam ya amince da shi ba shi ne za a buga ba.

A nan dole a yaba wa Alhaji a abu guda. Zai iya samar da kore ta haɗa shuɗi da rawaya, fileti biyu (fileti shi ne fallen ƙarfen da ake ɗora zane a kai a ɗaura wa inji, kowace kala da nata), bi biyu ta cikin injinsa mai kala ɗaya. Bai yi haka ba, ya dama koren a matsayin tawada guda, fileti ɗaya, bi ɗaya. Wannan shi ne daidai ga ambulan, domin na cikin katan ɗaya ma sukan bambanta da milimita ɗaya ko biyu, kuma idan bi na biyu bai hau kan na farko daidai ba, rubutu sai ya yi inuwa. Manyan kamfanoni suna ba da lambar kalarsu daga littafin Pantone don kowace maɗaba'a ta dama iri ɗaya. Shi da ido yake damawa, da wuƙar tawada a kan gilashi, kuma idonsa bai yi kuskure ba. Na ga ragowar tawadar a kan farar takarda, kore ce mai kyau.

An tambaye shi me ya hana ya buga da injin dijital, tunda 200 ne kacal, ofset kuwa kuɗin fileti da na imfireshin, wato ladan bugun inji, wanda ake lissafawa da dubu ko da aikin bai kai dubu ba, suna sa ƙaramin aiki tsada. Ya ce injin leza yana gasa hodar tawada ne da zafin da ke kusan digiri 200, yana yamutsa babban ambulan, wani lokaci ma ya tayar da gam ɗin marfi ya manne tun a cikin inji. Wannan ma gaskiya ne.

Ƙananan ambulan na gayyata ba su da labari mai yawa. DL ne, wasiƙa A4 aka naɗe uku, ta shiga daidai. Abin da kawai ya faru, iskar hunturu ta busar da su bayan an buɗe katan, marafansu suka nannaɗe domin gam da takarda ba sa tsukewa daidai da juna, inji ya riƙa ɗaukar biyu-biyu. Ma'aikacin ya san maganin abin, ya riƙa buɗe ƙulli ɗaya-ɗaya yana karkaɗa su kafin ya jera.

Kwana ukun da suka rage

Hanya huɗu aka tattauna a tsaye a farfajiyar makarantar.

Wani malami ya ce a rage bakin ledar da almakashi. An gwada biyu. Idan aka cire abin da zai sa marfi ya rufu, an kai gab da katin, kuma wannan bakin shi ne abin da ke riƙe da ledar. Da ya tafi sai ta fara ɗagowa daga kusurwa. An biya kuɗin laminatin ne don a kare takardar, ba a ga dalilin warware shi ba.

Hajiya, da ta ji bayanin hanya ta biyu ta yin ambulan, ta ce to a yi ta mana, a samu koren har baki yadda aka zana tun farko. Alhaji ya ɗauki biro ya yi mata lissafi a bayan rasit. Ambulan C4 idan aka warware shi, faɗinsa 229 sau biyu ne da ƙarin bakin mannawa, kusan milimita 480. Tsawonsa 324 da naɗin gindi da marfi, kusan 390. Injinsa Heidelberg GTO 52 ne, babbar takardar da yake ɗauka santimita 36 ce da 52. 39 ba ta shiga 36. Sai an kai wa mai babban inji Kord 64, wanda ke ɗaukar 46 da 64, a yi sabon fileti, a aika a ƙera ƙarfen yanka, sannan a zauna a naɗe 200 da hannu a shafa gam, irin yadda ake yin kowane ambulan a duniya kafin Edwin Hill da Warren De la Rue su yi rajistar injin naɗa ambulan a Ingila a 1845. Aiki ne mai yiwuwa, kuma shi ya fi kyau, amma ba na kwana uku ba ne, kuma ba a yi wa guda 200 sai mai kuɗin zubarwa.

Hanya ta uku, a sayi manyan ambulan marasa rubutu a liƙa musu sitika. Hajiya ta ce ba za ta miƙa wa manyan baƙi abin da ya yi kama da kayan kanti ba.

Ta huɗu aka bi: a nemo farin C4 na ainihi a sake bugawa. A Sakkwato an samu kaɗan, ba su kai ba, kuma ba iri ɗaya ba ne. Alhaji ya kira wanda yake saya wa takarda a Kano, wannan karon bai ce na A4 ba, ya ce ya aza rula ya karanto masa lamba. Da ya ji 229 da 324 ya ce a kai tasha da asuba, don direbobin hanyar Gusau ba sa son dare ya same su. Kayan suka iso da yamma, saura kwana biyu.

Abin da ya rage hasarar shi ne filetin farko yana nan. Ɗab'in ofset ya ginu ne a kan ƙiyayyar ruwa da mai, dabarar da Alois Senefelder ya gano a 1796 da dutse: inda zane yake yana kama tawada mai maiƙo, inda babu zane yana riƙe ruwa ya kore ta. Idan aka sauke fileti aka bar shi haka, iska tana lalata wuraren da ke riƙe ruwan. Shi ya sa ake wanke shi a shafa masa gam kafin a rataye, kuma asalin wannan gam ƙaro ne, irin wanda ake samu a Borno da Yobe da Jigawa, ko da yake yanzu akwai na haɗi a gora. Shugaban makarantar ya yi mamaki da ya ji haka, don da ƙaron nan almajiransa ke haɗa tawadar allo. Ma'aikacin Alhaji ya shafa wa filetin gam ranar da ya gama aikin farko, ba don ya san za a dawo ba, sabo ne kawai. Aka goge koren layin ƙasa daga filetin gaba ɗaya, tunda shi ke nuna ɗinki, aka bar tambari da suna da adireshi a sama ta hagu. Aka buga da dare da janareta, aka baza su kan tebura a ƙananan tari, domin tawadar ofset tana son awoyi kafin ta kama, idan aka tula su da ɗumi ta baya ta ɗauki ta gaba. Washegari aka saka shahadu, da ragowar milimita 21. Koren ya fito yadda makarantar ke so.

Rabon hasara

Akwai cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta ƙasa, CIPPON, wadda dokar 2007 ta kafa, amma irin wannan rigima ba ta zuwa can, a kan benci ake gama ta. Bayan walima aka zauna. Matsayar da aka cimma: makaranta ta biya kuɗin sababbin ambulan, tunda tsofaffin suna hannunta kuma za su yi mata aikin takardun sakamakon jarrabawa, waɗanda falle ne ba leda. Alhaji ya ɗauki kuɗin mota da na bugu na biyu da man janareta. Aka yi addu'a aka tashi.

A ganina Alhaji ya samu sauƙi. Gaskiya ne makarantar ta canza abin da za a saka bayan ta ba da aiki, kuma ba ta sanar ba. Wannan nata ne. Amma mutanen biyu ba matsayinsu ɗaya ba. Malam bai san akwai ambulan iri biyu masu amsa sunan A4 ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Alhaji ya sani, ko ya kamata ya sani. Shi ya buga shahadar, ya san kati ne mai giram 300, ya san mutanen garin nan da son laminatin. Tambaya ɗaya, za a sa mata leda ko a'a, da ta kashe maganar tun ranar farko. Kuma ko ba leda, karɓar katan na inci 9 da 12 ba tare da an auna ba sakaci ne, don ragowar milimita 8 ga kati mai tauri tsakani ne da ƙyar. Hujjarsa ta cewa ya yi abin da aka rubuta a rasit ba ta gamsar da ni ba, tunda shi ya rubuta rasit ɗin. Ɗaya daga cikin masu sasancin bai yarda da ni ba. Ya ce idan mai maɗaba'a zai riƙa ɗaukar nauyin abin da mai aiki ya yi bayan kaya sun bar shago, ba wanda zai rage a sana'ar, ga tsadar takarda ga ta mai. Maganarsa tana da nauyi, kuma ita ta rinjayi zaman.

Alhaji bai taɓa cewa ya yi laifi ba, amma ya buga wata 'yar takardar karɓar aiki da yanzu ake cikewa kafin a karɓi kuɗin kafin alƙalami. Ana rubuta awon ambulan da milimita, ba da suna ba. Ana rubuta ta inda yake buɗewa, gajeren gefe ko dogo, da giram ɗin takardar da kalarta, da irin marfin, na lasa ne ko mai ɓawon da ake ɓarewa. Akwai layin da ke tambayar me za a saka a ciki da ko za a ƙara masa wani abu, kuma ana neman a kawo abin da kansa a gwada. Samfur kuma ba a tura shi ta waya kaɗai. Ana shafa tawadar a kan ambulan ɗin da za a buga, mai aiki ya sa hannu a baya. Wasu masu kawo aiki suna jin haushin wannan, suna ganin ana neman hanyar zame musu ne.

Makarantar ta dawo masa da wani aikin bayan Sallah. Suna son ambulan DL mai taga, wanda sunan uba ke lekowa ta cikin leda, don aika takardun kuɗin makaranta ba tare da an rubuta suna sau biyu ba. Da aka kawo takardar kuɗin aka auna, sai ta zama fulsikaf ce, inci 8 da 13, wato milimita 203 da 330, awon da ofisoshinmu suka gada daga Turawan Ingila. Idan aka naɗe 330 uku, 110 ke fitowa, daidai da tsayin DL, ba ragowar ko milimita ɗaya. Idan aka naɗe ta huɗu tana shiga, amma sunan ya kauce wa tagar. Alhaji ya ce ko su mayar da takardar kuɗin A4, ko su haƙura da taga. Makarantar tana da rim uku na tsohuwar takardar da aka riga aka buga, kuma Hajiya ta ce sai sun ƙare za ta yanke shawara.